BABI NA UKU: JINYAR KAKA DA AL'ADAR DUBIYA A BIRNIN SAKKWATO

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin tsarin iyali da matsayin tsofaffi a gidan Bahaushe. Wannan babi kuwa zai dubi abin da ke faruwa idan tsohuwar gida, wato kaka, ta kwanta ciwo a birnin Sakkwato. Za a duba ma'anar jinya da dubiya, da matsayin kaka a gida, da waɗanda nauyin jinyarta ke hawa kansu, da yadda ake gudanar da dubiya. Daga nan sai a kawo hanyoyin neman magani da sauye-sauyen da zamani ya kawo. Manufar babin ita ce a nuna cewa dubiya hanya ce da dangi ke raba nauyin jinya a tsakaninsu, kuma duk lokacin da ta yi rauni, nauyin yakan taru a kan mace ɗaya ko biyu a cikin gida.

3.1 Ma'anar Jinya da Dubiya

Jinya, wadda wasu ke kira jiyya, ita ce kula da marar lafiya ta fuskar abincinsa da maganinsa da tsabtar jikinsa da kwanciyarsa, har ya warke ko Allah ya karɓi abinsa. Kalmar tana da fuska biyu a bakin Hausawa. Idan aka ce "wance tana jinya" ana iya nufin ita ce ba ta da lafiya, ana kuma iya nufin tana kula da wani marar lafiya. A wannan babi, "mai jinya" na nufin mai kulawa, ita kuwa marar lafiya za a kira ta "mai jiki", kamar yadda ake kiranta a wajen gaisuwa.

Dubiya kuwa ta samo asali daga aikatau "duba". Ita ce ziyarar da ɗan'uwa ko maƙwabci ko abokin arziki ke kai wa marar lafiya domin ya gaishe shi, ya yi masa addu'a, ya kuma ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa. Bambancin da ke tsakanin kalmomin biyu shi ne, mai dubiya zuwa yake yi ya koma, mai jinya kuwa nan take kwana, nan take tashi.

3.2 Matsayin Kaka a Gidan Basakkwace

Tun da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, aka gina birnin a kan manyan gidaje masu sassa da yawa, inda kaka da 'ya'yanta maza da matansu da jikoki ke shiga ta zaure ɗaya. Har yanzu ana samun irin waɗannan gidaje a tsofaffin unguwanni kamar Kanwuri da Giɗaɗawa da Alƙammawa da Ƙofar Rini da Ƙofar Atiku. A irin wannan gida ɗakin tsohuwa shi ne mattarar kowa. Can ake kai yaro yaye, can budurwa ke kwana kafin a yi mata aure, can kuma matar da ta yi yaji daga gidan miji ke sauka. Akan kira ta Inna ko Iya ko Gwaggo ko Hajiya, gwargwadon sunan da 'ya'yan gidan suka tashi da shi.

Abubuwa biyu ne suka ƙulla kaka da jika fiye da sauran dangi. Na farko shi ne riƙo. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a Sakkwato, idan aure ya mutu kuma uwa ta sake wani auren, kakar yaro ta wajen uwa ce ke gaba wajen haƙƙin renonsa. Ko ba a je gaban alƙali ba, al'ada takan miƙa wa kaka marayu da 'ya'yan da auren iyayensu ya mutu. Saboda haka jikoki da yawa a hannunta suka buɗe ido.

Na biyu shi ne wasan kaka da jika. Bahaushiya tana jin kunyar ɗanta na fari, ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma sakin jiki da shi. Haka nan akwai kunya mai tsanani tsakaninta da surukanta. Amma tsakaninta da jika babu wannan shamaki. Jika namiji "mijinta" ne, jika mace kuwa "kishiyarta" ce. Wannan wasa, wanda a lokacin lafiya raha ce kawai, yakan yi babban amfani a ranar ciwo, kamar yadda za a gani a gaba.

3.3 Waɗanda Nauyin Jinya ke Kansu

Musulunci ya yi umurni da kyautata wa iyaye, musamman idan tsufa ya kama su, kamar yadda ya zo a Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malaman Sakkwato, ya wajabta wa mutum ciyar da matarsa da ƙananan 'ya'yansa da iyayensa biyu idan matalauta ne, bai kuma wajabta masa ciyar da sauran dangi ba. Wannan ya nuna cewa a hukunce nauyin tsohuwa yana kan 'ya'yan da ta haifa. Abin da jika ko suruka ke yi mata, zumunci ne da neman lada da bin al'ada. Amma a aikace, su ne suka fi kowa shan ɗawainiya. Ga yadda aikin ke rabuwa:

(a) 'Ya'ya maza. Su ke biyan kuɗin magani da na asibiti da na abinci, su kuma ke yanke shawarar inda za a kai ta. Galibi babban ɗa ne ke tara ƙannensa a zaure a yi karo-karo. Sukan shiga gaishe ta bayan sallar Asuba da bayan Magariba, amma kunya ba ta barin su yi mata wanka ko su kai ta bayan gida.

(b) 'Ya'ya mata. Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. 'Yar cikinta ita ce tsohuwa ta fi sakin jiki da ita, sai dai tana gidan miji, kuma zuwanta jinya yana buƙatar izninsa. Idan 'ya'yan mata suna da yawa sukan raba kwana, wannan ta yi mako ɗaya, waccan ta karɓe ta. Idan kuwa akwai bazawara ko wadda mijinta ya rasu a cikinsu, to jinya ta zama tata, ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

(c) Matan 'ya'ya. Su ne ke cikin gida dare da rana, don haka dama kunu da dafa ruwan zafi da wankin zannuwa a hannunsu suke. Sau da yawa tsohuwa takan ƙi yarda matar ɗanta ta ga tsiraicinta, ko ta ɓoye mata cewa ta ɓata shimfiɗa. Idan kuma dama akwai 'yar tsama a tsakaninsu tun tana da lafiya, jinya takan tono ta.

(d) Jikoki. A nan ne wasan da aka ambata ke aiki. Jika mace, musamman wadda kaka ta riƙa ko wadda aka sa wa sunanta, ita ke kwana a ɗakin. Ita ke fitar da fo, ta kama ta zuwa makewayi, ta shafa mata man kaɗe a ƙafa, ta yi mata tsifa. Abin da tsohuwa ba ta iya faɗa wa ɗanta ko surukarta, takan faɗa wa jika cikin wasa. Jika namiji kuwa shi ne ɗan aike: sayo magani, kiran mai Keke Napep, ɗaukar ta zuwa mota, da kai kwanon abinci asibiti.

3.4 Yadda Ake Gudanar da Dubiya

3.4.1 Sanarwa

Ba a saurin shelar ciwon tsohuwa. Da farko akan ce "jikin tsufa ne" ko "masassara ce". Sai an ga ta kasa fitowa alwala ko ta daina cin abinci, sannan a aika wa 'ya'yanta mata da ƙannenta. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai tsari a wajen sanarwa, domin duk ɗan'uwa na kusa da ya ji labari a bakin bare zai riƙe abin a zuciya, wani lokaci har bayan rasuwarta.

3.4.2 Lokacin Zuwa

Maza sukan zo da safe kafin su wuce kasuwa ko ofis, ko bayan La'asar, ko kuma bayan an sauko Juma'a. Matan aure a da sai bayan Magariba suke fita, tare da yaro mai rakiya, saboda kulle. Yanzu da yawansu da rana suke zuwa, su wuni, su taya aikin gida. Ba a son dubiya da tsakar rana, balle a watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, mai jiki kuma ke neman iska da barci.

3.4.3 Gaisuwa

Gaisuwar dubiya tana da tsayayyen tsari. Mai dubiya yakan fara da mai jinya a tsakar gida, ya ce "Sannunku da jinya, yaya mai jiki?" Sannan ya shiga ɗaki ya durƙusa. Ga misali da karin harshen Sakkwato:

Mai dubiya: Sannu Inna, an kwana lahiya?
Kaka: Lahiya lau, ɗiyata.
Mai dubiya: Yaya jikin?
Kaka: Da sauƙi, mun gode Allah.
Mai dubiya: Allah shi ƙara sauƙi, shi sa kaffara ta.
Kaka: Amin. Allah shi yi maki albarka, shi ba ki masu yi maki.

Abin lura a nan shi ne, amsar "da sauƙi" ba ta canzawa ko da ciwo ya yi tsanani, domin ana ganin koke a gaban baƙi rashin tawakkali ne. Saboda haka mai son sanin gaskiyar hali sai ya tambayi mai jinya a wajen rakiya. Addu'ar tsohuwa ta ƙarshe kuwa, wato Allah ya ba mutum masu yi masa, tana nuna yadda ake ɗaukar jinya a matsayin bashi da ake biya daga tsara zuwa tsara.

Gaisuwar jika ta sha bamban da wannan. Yana iya shigowa ya ce, "Ke tsohuwa, tashi ki yi man tuwo, ko in yo maki kishiya." Ita kuma ta amsa, "Wa za ta zauna da kai, miji ba ko kuɗin goro?" Masu jinya sukan auna jikin tsohuwa da wannan. Ranar da ta mayar da wasa, an san da sauƙi. Ranar da jika ya tsokane ta ta yi shiru, hankalin gida yakan tashi.

3.4.4 Kayan Dubiya

Ba a cika zuwa hannu sake ba. Mata sukan kawo kunun tsamiya ko na gyaɗa, ko hura da nono, ko romon kaza a cikin kwano. Maza sukan kawo lemo da ayaba da kankana da madara, ko su sa kuɗi a ƙarƙashin matashin kai. Wasu sukan kawo sabulu da garin wanki da turaren wuta, waɗanda mai jinya ta fi kowa sanin amfaninsu. Waɗannan kaya su ne ke rage wa masu gida nauyi. Kuɗin da aka tara a ƙarƙashin matashi sau da yawa da su ake sayen maganin gobe, abincin da aka kawo kuwa da shi ake tarbar baƙin da suka zo daga nesa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

3.4.5 Ladubba da Illoli

Hadisi ya lissafa duba marar lafiya a cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, malamai kuma suna karantar da cewa a taƙaita zama, a yi addu'a, a ƙarfafa masa guiwa. Duk da haka akan samu akasi. Wani lokaci mata sukan cika ɗaki da hira har mai jiki ta rasa iska. Wasu sukan kawo labarin wance da irin wannan ciwo ya kashe. Kowane baƙo kuma da maganin da zai ba da shawara a gwada. Bugu da ƙari, masu wuni suna buƙatar abinci, wanda ke ƙara wa matan gida aiki a kan aiki.

3.5 Hanyoyin Neman Magani

Sakkwato tana da tsohon tarihi a fannin magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littattafai a kan magunguna, ƙanwarsa Nana Asma'u kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwan a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani. Ita ce kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke jagorantar tsofaffin mata da 'yan mata zuwa wajenta ɗaukar karatu. Wannan gado ya sa har yau jinyar tsohuwa takan fara da tofi da rubutun sha da zuma da habbatus sauda da ruwan zamzam. Akan kuma nemi saiwa da sassaƙe a wajen masu maganin gargajiya, ko a kira maɗori idan ta faɗi ta karye.

Cututtukan da suka fi kwantar da tsofaffi sun haɗa da hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki da sanyin ƙashi da yanar ido. Idan abin ya fi ƙarfin gida, akan kai ta Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Tsofaffi da yawa ba sa son a kwantar da su, sun fi son idan ajali ya zo ya same su a ɗakinsu. A asibiti ma jinya ba ta barin hannun dangi, domin mace ɗaya takan zauna a gefen gado da tabarmarta da butarta, abinci kuma daga gida ake kawo shi. Dubiya ita ma sai ta koma can, a lokutan da aka ƙayyade.

Akwai abubuwa biyu da ilmin likita ya bayyana waɗanda ke da muhimmanci ga mai jinya. Na ɗaya, tsohuwar da ba ta iya juyawa da kanta tana buƙatar a riƙa juya ta kamar duk bayan awa 2, in ba haka ba gyambon kwanciya ya fito mata a ƙugu da duga-dugai. Wannan aiki ne da mutum ɗaya ba ya iya yi dare da rana. Na biyu, ruɗewar tsufa, inda tsohuwa ke manta sunan 'ya'yanta ko ta riƙa kiran waɗanda suka daɗe da rasuwa, cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Rashin sanin haka kan sa a danganta abin da iskoki, ko a yi ta yi mata faɗa kamar da gangan take yi.

Wani ɓangare na jinya shi ne kula da ibadarta. Mai jinya ke kawo mata dutsen taimama, ta fuskantar da ita alƙibla, ta tuna mata lokaci, domin littafin Ahalari ya koyar da cewa wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ya kasa zama ya yi a kwance. Idan aka ga jiki ya yi nisa, sai a kira na nesa su zo a yafi juna, ta faɗi bashin da ke kanta da wasiyyarta, a kuma zauna kusa da ita ana tuna mata kalmar shahada.

3.6 Sauye-sauyen Zamani

Sauyi na farko shi ne watsewar babban gida. 'Ya'ya sun gina nasu gidaje a sababbin unguwanni kamar Mabera da Arkilla da Gawon Nama da Runjin Sambo da Bado, tsohuwa kuma takan ƙi barin ɗakin da aka kai ta tun tana amarya. Ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991 da ta Zamfara a 1996 ya ɗauke ma'aikata da yawa zuwa Birnin Kebbi da Gusau, wasu kuma aiki ya kai su Kaduna da Abuja. Ɗan da a da taku kaɗan ke tsakaninsa da ɗakin uwarsa, yanzu sai ya hau mota.

Na biyu shi ne wayar hannu, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001. Ta sauƙaƙa sanarwa da aiko da kuɗi, har jika da ke wata ƙasa yana iya ganin kakarsa ta WhatsApp. A 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, waya ce ta riƙe zumunci. Sai dai Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Mai gaisuwa ta waya ba ya karɓar mai jinya ta samu ta runtsa, kuma amsar da zai ji ita ce "da sauƙi".

Na uku shi ne tsadar tafiya da rashin tsaro. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin kabu-kabu da na mota suka bi ta. Dangin da ke gabashin jiha, kamar Sabon Birni da Isa da Goronyo, hare-haren 'yan bindiga sun sa hanya ta yi musu wuya. A watan Satumba na 2021 ma an rufe layukan waya na wani lokaci a ƙananan hukumomi 14 na jihar, wanda ya yanke har gaisuwar waya.

Na huɗu shi ne makaranta da aikin mata. Jikar da a da take wuni a ɗakin kaka, yanzu ɗaliba ce, 'yar kuma ma'aikaciya ce. Idan jinya ta yi tsawo, iyali sukan tsinci kansu tsakanin abu biyu: ko yarinya ta riƙa fashin makaranta, ko a bar tsohuwa da matar ɗa ita kaɗai. Masu hali sukan ɗauko 'yar aiki daga ƙauye, amma jama'a suna ganin haka da ɗan abin kunya, balle a ce an kai tsohuwa gidan gajiyayyu. Gwamnatin tarayya ta sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta sanya tsofaffi a cikin masu rauni da za a tallafa wa. Duk da haka, wankan tsohuwa da ciyar da ita da juya ta a shimfiɗa suna nan a hannun iyalinta.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa jinyar kaka a birnin Sakkwato aiki ne da addini ya ɗora wa 'ya'ya, al'ada kuma ta raba shi tsakanin 'ya'ya da surukai da jikoki. Maza suna ɗaukar nauyin kuɗi, mata suna ɗaukar na jiki, kunya kuma ta sa jika mace ce ta fi kowa kusantar shimfiɗar tsohuwa. An kuma ga cewa dubiya, da gaisuwarta da kayanta da wunin da mata ke yi, ita ke shigo da sauran dangi cikin ɗawainiyar. Nisan gidaje da tsadar tafiya da dogaro da waya sun rage masu zuwa da ƙafa, alhali aikin da ke cikin ɗaki bai ragu ba. Don haka ya kamata iyali su riƙa raba kwanan jinya tun da wuri, masu dubiya mata su riƙa karɓar mai jinya ko na wuni ɗaya ne, a kuma kiyaye kada karatun jika ya salwanta. Babi na gaba zai dubi al'adun da ke biyo bayan rasuwar tsohuwa, tun daga wanka da jana'iza har zuwa zaman makoki da rabon gado.